A Sake Shari'ar J. B. Priestley, "Ɗan Kasuwar Adabi"

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana cin masu nazarin adabi, wadda ba ta san ƙasa ba, ba ta kuma san harshe ba. Da zarar marubuci ya yi farin jini, littattafansa suka shiga hannun leburori da akawuna da matan gida, sai ka ga manyan malamai sun fara yatsina fuska suna taɓe baki, wai ai wannan kasuwanci yake yi, ba ruwansa da adabi. A wurinsu yawan masu karatu shi ne shaidar rashin zurfi, kuma littafin da ya yi kwantai a kanti shi ne ya cancanci a yi digiri a kansa. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma a wannan fitowa muna so mu kafa hujjarmu da rayuwar mutum guda, wato Baturen Ingila John Boynton Priestley, marubucin ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo, wanda kuma muryarsa a rediyo ta taɓa riƙe ƙasarsa a lokacin da take gab da durƙushewa.

A watan Satumba na 1930, Virginia Woolf, wadda a lokacin ita ce tauraruwar marubutan unguwar Bloomsbury a Landan, ta rubuta ra'ayinta game da Priestley a kundin da take ajiye al'amuranta na yau da kullum. Ta haɗa shi da Arnold Bennett ta raɗa musu suna 'yan kasuwar adabi. Ta yi hasashen cewa in ya kai shekara 50 zai kuɗance ƙwarai, amma zai riƙa ƙorafin me ya sa masu zurfin ilmi ba su yaba masa, har ma ta nuna tana fatan wannan takaici ya zauna masa. A wannan wurin dai kuma, da alƙalaminta, ta amsa cewa ba ta taɓa karanta littafinsa ko ɗaya ba, kuma ba ta jin za ta taɓa karantawa. To jama'a, wace irin shari'a ce wannan? Ko mai unguwa ba ya yanke hukunci bai ji ta bakin wanda aka kai ƙara ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Woolf gwana ce, littattafanta irin su Mrs Dalloway da To the Lighthouse sun buɗe wa ƙagaggen labari ƙofofin da ba a san da su ba, kuma shi ma Priestley bai ƙyale ta ba, ya yi mata ba'a ita da mutanenta a jarida da rediyo, musamman a 1932. Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita da mijinta Leonard suna da maɗaba'a tasu ta kansu, Hogarth Press, tun 1917, suna buga littafi suna sayarwa suna lissafin riba. Ita ce kuma a 1929 ta rubuta A Room of One's Own, inda ta kafa hujjar cewa mace ba za ta iya zama marubuciya ba sai tana da ɗaki nata da kuɗin shiga fam 500 a shekara. Ashe ta san sarai alƙalami ba ya tafiya da yunwa. Bambancin kawai shi ne ita ta tashi a gidan da ke da abin hannu da ɗakin karatu, shi kuwa sai ya sayar da rubutu kafin a ɗora tukunya. In kuɗi ya zo ta hanyar gado ba laifi, in ya fito daga aljihun masu karatu sai ya zama abin gori?

Bari mu ga ko wane ne wannan "ɗan kasuwa". An haife shi ranar 13 ga Satumba 1894 a Bradford, birnin masaƙun ulu da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila. Mahaifinsa malamin makaranta ne da ya kai hedimasta, mahaifiyarsa kuwa ta mutu yana ɗan shekara 2. Yana da shekara 16 ya bar makaranta ya kama aikin akawu a wani kamfanin cinikin ulu, in ya tashi daga aiki ya yi ta rubuce-rubuce yana aika wa jaridu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga soja a matsayin farabiti. A watan Yuni na 1916 harsashin igwa ya rufta ramin da yake ciki a Faransa, ƙasa ta binne shi da rai, aka tono shi da munanan raunuka. Da ya warke ya koma fagen fama, nan kuma ya shaƙi iskar guba. Da yawa daga cikin samarin da suka yi ƙuruciya tare ba su dawo gida ba. Bayan yaƙi ne ya shiga Jami'ar Cambridge da tallafin da ake ba tsofaffin sojoji, ya gama ya nufi Landan ba shi da jari sai alƙalami. Matarsa ta farko ta mutu da ciwon daji a 1925, ta bar masa 'ya'ya mata biyu ƙanana. Wannan shi ne mutumin da ake wa gorin yana rubutu don kuɗi. To da me zai ciyar da su?

Littafin da ya fito da shi, wanda kuma ya jawo masa bakin jini a wurin malamai, shi ne The Good Companions na 1929, labarin wasu 'yan wasa masu yawo gari-gari suna kiɗa da raha, da wani kafinta ɗan Yorkshire da ya bar gida ya bi su. Littafi ne mai kauri, shafi fiye da 600, a lokacin da masu buga littattafai ke gudun masu kauri. Akwai wani abu a tarihin rubuta shi da ya kamata manyanmu a ƙungiya su ji. Priestley ba shi da kuɗin da zai zauna wata da watanni a kan aiki guda, sai Hugh Walpole, wanda ya riga shi suna, ya yarda su rubuta wani littafi tare mai suna Farthing Hall, ya bar masa kuɗin da kamfanin ɗab'i ya ba da kafin alƙalami. Da wannan kuɗin ya sami sararin yin babban aikinsa. Littafin ya fito ya yi kasuwa irin wadda ba a zata ba, ya kuma ci lambar James Tait Black, ɗaya daga cikin tsofaffin lambobin adabi a Birtaniya. Daga nan fa sai kibau suka fara sauka. George Orwell, yana saurayi, ya yi sharhin littafinsa na gaba, Angel Pavement na 1930, ya ajiye shi a sahu na biyu. A Cambridge kuma F. R. Leavis da matarsa Q. D. Leavis suka kafa makarantar nazari da ta ɗauki marubuta irinsa a matsayin alamar lalacewar ɗanɗanon jama'a, kuma ɗalibansu ne suka cika jami'o'i da makarantu na shekaru masu yawa.

Da ɗan kasuwa ne tsantsa, abin da zai yi a fili yake: ya sake rubuta The Good Companions sau goma da sababbin sunaye, ya kwashi kuɗinsa. Abin da ya yi shi ne, a ƙarshen 1933 ya shiga mota da bas ya zagaya Ingila, ya fito da English Journey a 1934. Ya je garuruwan maƙera da masu tukwane da masu haƙar kwal, ya je Jarrow da bakin kogin Tyne inda aikin ƙera jiragen ruwa ya mutu, ya ga maza majiya ƙarfi suna tsaye a bakin titi shekara da shekaru ba aikin yi. A garinsu Bradford ya halarci liyafar tsofaffin sojojin bataliyarsu, aka gaya masa akwai waɗanda suka ƙi zuwa ko da an ba su tikiti kyauta, don ba su da tufafin da za su shiga mutane da su. Mutanen da suka ba da jininsu ke nan, shekara 15 bayan an yi musu alkawarin ƙasa mai kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Priestley ɗan ɗakin ne. Sai bayan shekara 3 Orwell ya bi sawu da The Road to Wigan Pier, wanda yau shi aka fi ambata a jami'o'i.

A dandamali ma ba hanya mai sauƙi ya bi ba. Wasansa na farko da ya rubuta shi kaɗai, Dangerous Corner na 1932, yana kaiwa ƙarshe sai ya koma farko ya nuna yadda daren zai kasance da ba a yi wata 'yar tambaya guda ba. A Time and the Conways na 1937, kashi na farko yana nuna wani iyali cikin murna a 1919, kashi na biyu ya tsallaka kusan shekara 20 ya nuna su a wargaje, kashi na uku kuma ya komo daren farko, ta yadda mai kallo zai riƙa jin kowane buri da suke furtawa alhali ya riga ya san inda zai ƙare. Ya samo wannan tunani ne daga nazarin J. W. Dunne a kan lokaci da mafarki. A 1939 ya yi Johnson Over Jordan, labarin abin da wani ɗan kasuwa ya tarar bayan mutuwarsa, da raye-raye da fuskokin aro da kiɗan Benjamin Britten, kuma wasan bai yi kasuwa ba. Wane ɗan tireda ne zai riƙa zuba jarinsa a hajar da bai tabbatar za a saya ba?

Amma babbar hujjarmu tana cikin 1940. A ƙarshen watan Mayu na shekarar, sojojin Hitila sun kori na Birtaniya har bakin teku a Dunkirk, aka kwashe mutum fiye da 338,000 da ƙyar da jiɓin goshi, Faransa kuma tana dab da faɗuwa. Daga Jamus wani maci amana, William Joyce, yana watsa farfaganda da Turanci, mutanen Ingila da yawa suna kamawa. Gidan rediyon BBC ya nemi wanda zai yi 'yar gajeriyar magana bayan labaran ƙarfe 9 na dare, shirin da ake kira Postscripts. Ranar 5 ga Yuni Priestley ya yi ta farko. Bai tsaya kirarin janar-janar ba. Ya yi magana a kan ƙananan jiragen fito da aka saba ɗaukar 'yan yawon shan iska da su a bakin teku, waɗanda aka tura cikin wuta su ɗebo sojoji, har da wani mai suna Gracie Fields da ya sha hawa, wanda bai dawo ba. Daga nan kowace Lahadi ya ci gaba har zuwa Oktoba, da muryarsa mai kauri ta mutanen arewacin Ingila, wadda ta sha bamban da Turancin 'yan gata da aka saba ji a gidan. Wata rana agwagin tafki ne abin maganarsa, wata rana wani shagon abinci a Bradford da bam ya taɓa amma bai rufe ba. An ƙiyasta masu sauraronsa sun kai miliyan 16. Graham Greene, wanda ba abokinsa ba ne ko kaɗan, ya rubuta a ƙarshen shekarar cewa a watannin da suka biyo bayan Dunkirk in ka cire Churchill babu jagoran da ya kai shi muhimmanci.

Duk wanda ya taɓa rubuta wa rediyo ya san wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Mai karatu zai iya komawa baya ya sake duba jimla, mai sauraro kuwa in ta wuce shi ta wuce. Dole kalma ta zama mai sauƙi, hoto ya fito nan take, ma'ana kuma ta yi nauyin da za ta kwana a zuciya. Sauƙin da malamai ke raina wa Priestley shi ne mafi wuyar abin da marubuci ke koyo.

Da a ce maganganun nan holoƙo ne, da ba wanda zai damu da su. Sai ga shi sun tayar da hankalin manya. Priestley ya dage cewa ba za a sake yin abin da aka yi a 1919 ba, a kira talaka ya mutu don ƙasa, in an ci nasara a mayar da shi layin marasa aiki. Ya kawo misalin wani gida mai babban lambu kusa da inda yake zaune, wanda mai shi ya tafi Amurka ya bar shi a rufe alhali ana neman wurin noma da wurin ajiye mutane, ya ce amfanin jama'a ya kamata ya rinjayi haƙƙin mallaka a irin wannan hali. 'Yan majalisa na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suka yi ta kai ƙara cewa yana cusa wa jama'a gurguzu. Ya dawo a farkon 1941 ya yi 'yan makonni, sai aka rufe masa ƙofar shirin. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya sami takardu biyu, Ma'aikatar Watsa Labarai ta ce shawarar BBC ce, BBC kuma ta ce umarnin Ma'aikata ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da jami'a ta ce ba shi da nauyi, shi ne gwamnati ta ga ya yi mata nauyi a tsakiyar yaƙi. A 1945 jama'a suka kayar da Churchill a zaɓe suka ɗora jam'iyyar Leba, aka kafa tsarin asibiti kyauta a 1948, kuma masana tarihi da dama suna lissafa muryar Priestley cikin abubuwan da suka shirya zukata. Shi kansa ya tsaya takara a Crewe ba tare da jam'iyya ba, ya faɗi.

Sai kuma An Inspector Calls, wasan da ya kamata kowane mai son rubuta wasan kwaikwayo a cikinmu ya zauna ya warware shi kamar yadda makanike ke warware inji. Ɗaki guda, dare guda a 1912, 'yan wasa 7. Iyalin wani mai masana'anta, Arthur Birling, suna walimar baikon 'yarsu, maigidan yana cika baki cewa ba za a yi yaƙi ba, kuma jirgin Titanic ba zai taɓa nutsewa ba. Sai wani sufeto ya shigo da labarin wata yarinya, Eva Smith, da ta sha guba ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya yake tone su. Uban ya kore ta daga aiki don ta shiga gaban masu neman a ƙara albashi daga sule 22 da sisi zuwa sule 25 a mako. 'Yar ta sa an kore ta daga kantin tufafi saboda kishi. Angon ya ajiye ta ya more ta ya rabu da ita. Ɗan gidan ya yi mata ciki. Uwar kuma, shugabar ƙungiyar taimakon mata, ta hana ta sadaka. Babu wanda ya ɗauki wuƙa a cikinsu, amma kowa da hannunsa. Da sufeton ya fita sai suka gano babu mai wannan suna a cikin 'yan sanda, iyayen suka fara dariya suna cewa ashe ba komai, yaran kuwa suka ƙi sakin jiki. Ana cikin haka waya ta buga: wata yarinya ta mutu yanzun nan, sufeto yana kan hanya.

Masu suka sun ce wannan wa'azi ne aka sa masa rigar wasa. Wa'azi ne mana, sai me? Abin tambaya shi ne ko mai kallo ya iya tashi daga kujerarsa kafin a gama, kuma ba ya iyawa. Ba a sami zauren da zai ɗauki wasan a Landan ba da farko, sai a Tarayyar Sobiyet aka fara nuna shi a 1945, sannan ya zo Landan a 1946 da Ralph Richardson a matsayin sufeto, 'yan sharhi kuma suka karɓe shi sama-sama.

Ba mu ce mutumin ba shi da aibu ba. Ya yi rubutu fiye da kima, littattafai sun haura 100, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba mai komawa kansu. Wasu labaransa suna da tsawon da ba su buƙata. A English Journey ɗin da muka yaba akwai maganganun ƙyama ga 'yan Ailan mazauna Liverpool waɗanda ba su da kariya ko kaɗan. Ga shi da saurin fushi: a 1932 ya yi barazanar kai ƙara kotu don ya ga kamar Greene ya kwaikwaye shi a cikin Stamboul Train, dole aka sake buga wasu shafuka kafin littafin ya fita, abin da ya jawo wa ƙaramin marubuci asara. Rainin malamai kuma ya ci masa rai har tsufansa, a nan kam rabin hasashen Woolf ya tabbata. Duk wannan suka ce ta halal, domin sai an karanta mutum ake iya yin ta. Wadda muke yaƙa ita ce sukar da ke tsayawa a bangon littafi ta ƙirga yawan kwafin da aka sayar, ta yanke hukunci.

Mu ma wannan zance ba baƙonmu ba ne. A shekarun 1990 an yi ta kai ruwa rana a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, kuma kalmar "kasuwa" ɗin nan aikin da ta yi a Bloomsbury shi ta yi a nan. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu an buga su cikin gaggawa, ba edita, ba kula da ƙa'idar rubutu, kuma faɗin haka hakki ne. Amma a cikin tarin akwai waɗanda suka taɓo auren dole da kishi da zaluncin maza tun kafin masu digiri su waiwayi batun, kuma mata da 'yan mata dubbai ta nan suka saba da karatun Hausa. Abin da muke nema ga duk wanda zai tashi a taron ƙungiya ya yi wa littafin wani hukunci shi ne ya fara gaya mana ko ya karanta shi har ƙarshe, sannan ya nuna mana shafin da ya gaza.

Priestley bai yi shiru ba bayan yaƙi. A watan Nuwamba na 1957 ya rubuta maƙala a mujallar New Statesman yana kira ga Birtaniya ta ajiye makaman nukiliya, wasiƙun masu karatu suka yi ta kwarara, daga nan aka kafa ƙungiyar CND a farkon 1958, Bertrand Russell yana shugaba, shi yana cikin mataimaka. Kafin nan, a 1949, Orwell ya sa sunansa a jerin waɗanda ya miƙa wa wani sashe na Ma'aikatar Harkokin Waje a matsayin masu karkata ga kwaminisanci, jerin da sai a 2003 aka buɗe wa jama'a. An yi masa tayin sarautar Lord a 1965 ya ƙi, aka sake yi masa tayin wata lambar girma a 1969 ya ƙi, sai a 1977 ya karɓi Order of Merit, wadda mutum 24 kacal ke riƙe da ita a lokaci guda. Ya mutu ranar 14 ga Agusta 1984, saura wata guda ya cika 90. Shekara 8 bayan haka, a 1992, Stephen Daldry ya sake ɗora An Inspector Calls a babban zauren wasa na ƙasa a Landan, wasan ya kwashi lambobi a Ingila da Amurka, ya yi shekaru yana zagaya duniya, kuma har yau yana cikin littattafan da yaran sakandare a Ingila suka fi rubuta jarrabawa a kansu. Woolf ta mutu a 1941, ba ta ga wannan ba. Shekara 50 ɗin da ta yanka masa kuwa ya cika ta a Satumba 1944, kuma a cikin hunturun da ya biyo baya ne ya zauna ya rubuta wasan, cikin kimanin mako guda.